Yadda Za a Sa Ɗan Ƙaramar Sakandare Ya Riƙa Yin Lissafi da Kansa

Duk ƙarshen zango, da zarar an raba sakamako, tambayar da iyaye da yayye suke tare ni da ita kusan iri ɗaya ce: "Malam, yaron nan ba ya fashin makaranta, littafinsa cike yake da rubutu, amma lissafi kullum shi yake kayar da shi. Me za mu yi masa a gida?" Wasu har sun ɗauki mai lesin, sun yi wata da watanni suna biya, abin bai motsa ba. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin get, shi ya sa na zauna na jera ta daki-daki.

Abin da nake gani a aji shi ne yaro yana zaune, idonsa a allo, hannunsa yana kwafa, amma hankalinsa bai taɓa lissafin ba. Malami ne ya yi tunanin, shi rubutun kawai ya kwasa. Duk matakan nan aikinsu ɗaya ne: a mayar wa yaron tunanin ya yi shi da kansa. Na rubuta su ne don 'yan aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, maza da mata, kuma a bi su a jere.

1. Kayan aiki

Littafin rubutu guda biyu masu kauri, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na kurakurai (za mu zo kansa). Fensir da abin gogewa, jan biro guda ɗaya, rula, da gwangwanin kayan lissafi mai kamfas da abin auna kusurwa. Sai ɗan allo: guntun filawud da aka shafa wa baƙin fenti ya wadatar, ko ma bangon soro, da alli. A tanadi fitila mai caji, domin ba a jingina karatun dare da zuwan wuta.

Littattafan rubutun da fensir da biron gaba ɗaya ba su fi kuɗin kwanon shinkafa ba. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne littafin darasi, kuma a nan a tambayi malamin ajin wanne yake koyarwa da shi kafin a saya. Na hannu yana aiki daram, in dai shafukansa sun cika. A tambayi maƙwabtan da ɗansu ya wuce ajin, ko a duba wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari.

Gargaɗi: kada a sayi kalkuleta yanzu, kuma waya ta yi nesa da tabarmar karatu. Akwai manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su zubo amsa, yara sun san su sarai. Yaron da ya saba da su zai riƙa cinye aikin gida duka, ya faɗi jarrabawa.

2. A gano inda igiyar ta tsinke

Wannan matakin ba a tsallake shi. Yawancin yaran da aljabara (lissafin da ake sa harafi kamar x a madadin lamba) take ba wa wuya a aji biyu, matsalarsu tana can baya, a aji huɗu ko biyar na firamare. A zaunar da yaro rana ɗaya, a gaya masa ba jarrabawa ba ce kuma ba duka, a ba shi waɗannan, a zuba ido a kan yadda yake yi:

403 − 178
7 × 8, da 6 × 9, ba tare da ƙirga yatsu ba
936 ÷ 9
1/2 + 1/3
Wanne ya fi girma, 0.5 ko 0.35?
3 − 7
2x + 3 = 11

Amsoshin su ne 225, 56 da 54, 104, 5/6, 0.5; −4; sai x = 4. Amma amsar da ba daidai ba ta fi daidai ɗin amfani a yau. Wanda ya rubuta 14 a madadin 104 bai fahimci aikin sifili a tsakiyar lamba ba. Wanda ya ce 2/5 ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, bai san me rabi yake nufi ba. Wanda ya zaɓi 0.35 don ya ga 35 ta fi 5, da sauransa a lamba mai ɗigo. Wanda ya ce 3 − 7 "ba ya yiwuwa", ko ya juya ya ce 4, bai shiga lambobin ƙasa da sifili ba.

Duk inda ya fara tuntuɓe a jerin, nan za a fara, ko da makaranta ta yi nisa a wani darasin. Na san wannan yana wa iyaye nauyi, a ce ɗan sakandare ya koma ɗebewa. A daure. Makonni kaɗan ne, kuma in ba a yi ba sauran aikin banza ne.

Gargaɗi: kada a yi gwajin nan a gaban ƙanne. Yaro ɗan shekara goma sha uku da ƙaninsa ya yi wa dariya sau ɗaya zai rufe bakinsa, ba za a ƙara jin inda ya ruɗe ba.

3. Jadawalin sau

Yaron da sai ya zana sanduna kafin ya samo 7 × 8 ba shi da sauran hankalin da zai bi ragowar tambayar. Yaranmu sun iya hadda, wasunsu suna riƙe da izu da yawa, don haka wannan ba zai gagare su ba. Abin da ke hana su shi ne rera jadawalin daga farko kamar waƙa, har in an tambaye su 6 × 7 sai sun taso tun daga 6 × 1.

A nuna masa aikin bai kai yadda yake tsoro ba. 3 × 8 da 8 × 3 abu ɗaya ne. Gidan 1 da 2 da 5 da 10 kuwa ya riga ya san su. In aka cire waɗannan, abin da ya rage tsakanin 3, 4, 6, 7, 8 da 9 guda 21 ne kacal. A yayyanka kwali, a rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, a cakuɗa, a riƙa jefa masa uku-uku a rana. In ya manta ɗaya, kada a faɗa masa. A tambaye shi wacce ya sani kusa da ita. In ya san 7 × 7 = 49, ya ƙara 7 ya samu 56. Gidan 9 kuma gidan 10 ne a cire lambar sau ɗaya: a 6 × 9, 60 a cire 6, saura 54.

4. A tsayar da lokaci

Yaron Kano ba shi da sarari kamar yadda ake zato. Boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ga makarantar dare, Asabar da Lahadi ga hadda. Minti talatin sau huɗu a mako ya fi awa uku rana ɗaya amfani. Yammacin Alhamis da Juma'a, da ba a zuwa Islamiyya, su ne suka fi dacewa, a ƙara da kwana biyu bayan isha'i ko bayan asuba, gwargwadon gidan. Da azumi ko tsananin zafin bazara a mayar da shi safiya.

Gargaɗi ga iyaye mata musamman: in yarinya ce, a ɗauke mata wanke-wanke da aike a wannan rabin awar. Sau da yawa ana cewa yarinya ba ta ja a lissafi, alhali ɗan'uwanta yana kan tabarma da littafi ita tana bakin murhu.

5. Yadda zaman kansa yake

Nan ne gundarin aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Minti biyar na farko littafi a rufe. A tambaye shi: "Me muka yi jiya? Nuna min a allo." Zai yi ta ƙoƙarin leƙa littafi, a hana shi cikin lumana. Wannan lalube da yake yi a ƙwaƙwalwarsa shi yake zaunar da karatun. Sake karanta abin da ya rubuta yana sa shi ya ji kamar ya iya ne kawai.

Daga nan a ɗauki misali guda ɗaya da aka warware a littafin darasi. Shi zai karanta, layi-layi, kuma a ƙarshen kowane layi ya faɗa da Hausa abin da aka yi da dalilin yin sa. Sai a rufe misalin, a ba shi irinsa da lambobi daban. Allin yana hannunsa. Wannan ƙa'ida ce da ba na sassautawa: mai koyarwa ba ya karɓar alli ko fensir daga hannun yaro.

Zai maƙale. In ya maƙale a yi shiru, a ƙirga ashirin a zuci. Shirun yana da wuya, bakin babba ƙaiƙayi yake yi ya faɗi amsa, amma a wannan ɗan tsakanin ne yaron yake tunani. In shirun bai wadatar ba, a yi tambaya maimakon bayani:

"Me aka ba ka, me ake nema?"
"Za ka iya zana shi?"
"Da lambobin ƙanana ne, a ce 2 da 3, ya za ka yi?"
"Kafin ka lissafa, amsar za ta kai nawa a ganinka?"

Tambayar ƙarshen nan tana da daraja ƙwarai. Yaron da ya ce 1/2 + 1/3 = 2/5, a tambaye shi: "Kana da rabin gurasa, aka ƙara maka, sai abin hannunka ya koma bai kai rabi ba?" Shi da kansa zai ce a'a, kuma gyaran da ya yi da bakinsa ba ya mantawa da shi.

Ko amsarsa daidai ce, a tambaye shi "ta yaya ka samu?" In sai ya yi kuskure ake tambayarsa, zai gane, ya riƙa goge amsa da zarar an buɗe baki.

Uwa ko uban da bai yi boko mai zurfi ba kada ya ce wannan ba nasa ba ne. Umma ta zauna ta ce, "Zo ka koya min abin da aka yi muku yau, ni ce ɗalibarka." Duk inda ba ta gane ba ta ce ba ta gane ba, ya sake. Yaron da ya iya fahimtar da mahaifiyarsa da Hausa ya iya darasin. Wanda ya ce "haka dai malam ya ce" bai iya ba tukuna.

Gargaɗi: ba bulala, ba "daƙiƙi", ba kwatanta shi da ɗan wane. Yaron da ke jiran saukar mari hankalinsa yana kan hannun mai marin. Haka kuma kada babba ya ce "ni ma lissafi bai taɓa shiga kaina ba" ko "mu gidanmu ba a lissafi". Yaro yana ɗaukar wannan a matsayin izinin ya haƙura.

6. Wurare uku da aka fi faɗuwa

Na farko, kason abu. Hausa tana da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, kuma yaro yana jin su a darasin fiƙihu, sai dai ba wanda ya gaya masa su ne 1/2, 1/3, 1/4, 1/6 da 1/8 na ajin boko. A ba shi wannan: mutum ya rasu, bayan an biya bashi da wasiyya ya bar naira 2,400,000, magadansa kuma mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da sumuni, 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Don a tara 1/8 da 1/6 dole a nemi lambar da 8 da 6 duk suke shiga, wato 24, sai ya zama 3/24 da 4/24, jimla 7/24. Wannan 24 ita ake kira LCM a aji, ga amfaninta ya fito fili. Ragowar 1,700,000 za a kasa biyar, namiji kashi biyu, mace ɗaya: 680,000, 680,000 da 340,000. A tambaya guda ya yi kaso, ya yi LCM, ya yi rabo bisa gwargwado. A dai gaya masa wannan atisaye ne, rabon gado na gaske malamai da alƙalai ake kai wa. Zakka ma haka: ɗaya cikin arba'in ita ce 2.5 cikin ɗari, ita ce 0.025. Ya gwada da kansa ya ga abu ɗaya ne aka rubuta iri uku.

Na biyu, lambobin ƙasa da sifili. A fara da bashi: kana da naira 300, ka karɓi kayan 700 a shagon unguwa, ana bin ka 400, wato −400. Ana bin ka 5, ka ƙara cin bashin 3, ya zama −8. Amma misalin bashi ba ya kai wa ga ninka mai ɗebewa da mai ɗebewa, kada a tilasta shi. A nan a sa shi ya rubuta jeri: 3 × −2 = −6, 2 × −2 = −4, 1 × −2 = −2, 0 × −2 = 0, sannan a tambaye shi me zai biyo baya a −1 × −2. Zai ga kowane layi ana ƙara 2 ne, ya ce 2.

Na uku, neman x. Yara da yawa sun haddace "in ya tsallaka sai ya canja alama", wato in an ɗauke lamba daga wannan gefen = zuwa wancan, kuma wannan haddar ce take sa su rubuta shirme in aka zo ninkawa da rabawa. A zana masa sikeli mai kwano biyu. A 2x + 3 = 11, ƙulli biyu da tsakuwa uku suna gefe ɗaya, tsakuwa goma sha ɗaya a ɗayan. Duk abin da aka cire nan sai an cire can. A cire uku-uku, saura ƙulli biyu daidai da takwas, kowane ƙulli huɗu. Daga nan ya mayar da 4 cikin tambayar ya ga ko 11 za ta fito. Wanda ya saba da wannan dubawar ba ya buƙatar kowa ya gaya masa ya ci ko bai ci ba.

7. Turancin tambaya

Jarrabawa da Turanci take zuwa, kuma na sha ganin yaron da ya iya lissafin amma bai gane abin da aka tambaye shi ba. A bayan littafinsa ya buɗe shafi ya riƙa tara kalmomin da suke maimaituwa, irin su sum, difference, product, remainder, share equally, tare da ma'anarsu da Hausa da misali ɗaya. Duk tambaya mai labari, ya fara ba da labarin da Hausa kafin ya taɓa lamba. Bayan ya warware, ya faɗi amsar da Turanci a cikakkiyar jimla.

8. Littafin kurakurai

Duk tambayar da ya faɗi, a gida ko a makaranta, ta shiga littafi na biyu. Ya kwafi tambayar, ya bar kuskurensa yadda yake, ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta da kalmominsa abin da ya ruɗe shi, sannan ya yi daidai a ƙasa. A sake ba shi tambayar washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata. In ya ci duka, a soke ta.

Ranar ƙarshe ta mako a cakuɗa masa tambayoyi daga darussa daban-daban. Tambaya goma iri ɗaya a jere ba ta sa yaro ya tsaya ya zaɓi hanya, ita kuwa jarrabawa a cakuɗe take zuwa.

9. A fita da shi kasuwa

Garin nan cike yake da lissafi. In Abba yana da shago a Kwari, ya ce da yaron: a ce na saro turmin atamfa, yadi shida, a kan naira 12,000, na sayar da kowane yadi 2,500, nawa na ci, kuma kashi nawa ne cikin ɗari? Ribar 3,000 ce, kashi 25 cikin ɗari. Da yawa za su ce 20, saboda sun raba da kuɗin sayarwa maimakon uwar kuɗi; a bar shi ya gano da kansa. A Dawanau, buhu da kwano: wanne ya fi araha, sayen buhu ko awo? A Singa, katan da ɗai-ɗai. A gida, ya auna ɗaki da tef ya faɗi tayil nawa zai ci. In an hau adaidaita sahu, shi zai lissafa kuɗin mutum huɗu da canjin da za a karɓa kafin a sauka.

10. Malamin aji da mai lesin

A je makaranta ko sau ɗaya a zango, da littafin kurakuran a hannu. A nemi jerin darussan zangon, a tambayi malamin ko yaron yana tambaya a aji da kuma inda yake zama. A ajin da ya cika maƙil, malami ba zai iya bin kowa ba, amma yana lura da yaron da ya san iyayensa suna bibiya.

In za a ɗauki mai lesin, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya, ya fi sauƙi, kuma yara suna ƙaruwa da gardamar junansu a kan amsa. Kada su wuce biyar. Ana samun ɗaliban BUK, da na makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi, da masu bautar ƙasa da suke wannan aikin. A yi ciniki a kan wata, a faɗi ranaku da awanni tun farko. Sannan a zauna a kalli zama ɗaya: alli a hannun wa ya fi daɗewa, kuma muryar wa aka fi ji? In mai lesin ne yake ta zuba yaran suna kwafa, ko shi yake yi musu aikin gida, a sallame shi da mutunci.

11. Shirin jarrabawar aji uku

A ƙarshen aji uku akwai BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, akwai kuma jarrabawar shiga makarantun Hukumar Kimiyya da Fasaha ta jiha, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe tun 1977. Gaba kuma sai da kiredit a lissafi a WAEC ko NECO ake samun gurbi a yawancin kwasa-kwasan jami'a. Tambayoyin shekarun baya a fara su daga zango na biyu na aji uku, ba tun aji ɗaya ba. A yage shafin amsoshi a ajiye wajen babba. Ya yi takarda guda da agogo a gabansa, a duba tare, duk abin da ya faɗi ya shiga littafin kurakurai. Ya koyi tsallake tambayar da ta riƙe shi ya dawo mata daga baya, kuma ya riƙa nuna matakan aikinsa, domin a ɓangaren rubutu ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce.

In an yi zango guda cur ana bin matakan nan ba a ga motsi ba, a duba lafiyarsa kafin a ƙara masa aiki. Yaron da yake matse ido in yana kallon allo, ko yake kwafar 3 a madadin 8, a kai shi a auna idonsa. Asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari da asibitin Murtala duk suna yi. A duba jinsa, a duba ko yana karyawa kafin ya fita, da ƙarfe nawa yake kwanciya, a kuma roƙi malamin ya dawo da shi layin gaba.